Awon Girman Ɗigon Ruwan Sama da Hasken Leza: Bayani Daga Gonakin Garun Malam

Tsakure

Ma'aunin ruwan sama da aka saba gani a tashoshin yanayi yana faɗin yawan ruwan da ya zuba, amma ba ya faɗin irin ɗigon da ruwan ya sauko da shi. Alhali kuwa girman ɗigo da saurinsa su ne ke raba ruwan da ke shiga ƙasa da wanda ke farfasa ta ya kwashe. Wannan muƙala ta bayyana yadda ake auna ɗigon ruwa da dusar ƙanƙara da na'urar hasken leza, ta bi tarihin wannan awo har zuwa Samaru, sannan ta duba amfaninsa ga yankin noman rani na Garun Malam da Kura da Bunkure. Daga ƙarshe ta nuna inda awon ya shafi manazarta harshen Hausa.

1.0 Gabatarwa

A ɗauka an yi ruwa sau biyu a wata gona da ke Kadawa, kowanne ya kai milimita 20 a ma'auni. Na farko ya kwana yana sauka a hankali. Na biyu ya zo da iska da ƙura, ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, bai fi rabin sa'a ba ya ɗauke. A littafin ma'aikacin yanayi waɗannan ruwa biyu ɗaya ne: lita 20 a kan kowane murabba'in mita, wato lita 200,000 a hekta guda. Ga manomi kuwa bambancinsu a fili yake. Bayan na farko ƙasa ta sha ta yi laushi. Bayan na biyu kunya ta baje, saman ƙasa ya yi sumul kamar an yi daɓe, ruwa kuma ya bi magudanai jawur. Bahaushe ya ce da yayyafi kogi kan cika, kuma ta fuskar yawan ruwa ma'auni ya gaskata shi. Sai dai abin da ruwa ke yi wa ƙasa kafin ya isa kogi ya danganta ne da girman ɗigonsa.

Garun Malam tana kudu da birnin Kano a kan hanyar Zariya, tana kuma cikin ƙananan hukumomi uku da Shirin Noman Rani na Kogin Kano ya game, tare da Kura da Bunkure. Ruwan shirin yana fitowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya ratsa ta tafkin Ruwan Kanya, sannan ya rabu cikin magudanai har zuwa gonaki. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa masu ban-ruwa da ɗigon ruwan sama. Dalilai uku ne. Na ɗaya, duk ruwan da ke Tiga ruwan damina ne da aka tare. Na biyu, gonakin da ake noma alkama da tumatir da albasa a cikinsu da rani su ne ake sake nomawa da damina. Na uku, ƙasar da ruwan sama ya ɓamɓare tana cikin abin da ke cike magudanai har a buƙaci yasa.

2.0 Siffar Ɗigo da Girmansa da Saurinsa

Masu zane kan siffanta ɗigon ruwa da tsini a sama kamar hawaye, amma ɗigon da ke faɗowa daga gajimare ba haka yake ba. Wanda faɗinsa bai wuce milimita 1 ba, mulmulalle ne. Idan ya ƙara girma, iskar da yake kutsawa sai ta danne ƙasansa ya baje, samansa ya yi tudu, ya koma kamar waina. Da wuya ɗigo ya wuce milimita 5 zuwa 6 bai tarwatse ya zama ƙanana ba. Masanin nan na Jamus, Philipp Lenard, ya nuna haka tun a 1904, lokacin da ya riƙa tsayar da ɗigo a cikin iskar da ake hurawa sama.

Kowane girma yana da iyakar saurin da yake faɗowa da shi, domin iska na tare shi. Gunn da Kinzer (1949) sun auna wannan a Amurka, kuma har yau da alƙalumansu ake aiki. Ɗigo mai faɗin rabin milimita yana tafiyar kimanin mita 2 a daƙiƙa. Mai milimita 1, mita 4. Mai milimita 2, mita 6.5, mai milimita 4, mita 8.8. Daga nan saurin ba ya ƙaruwa sosai, yakan tsaya a wajejen mita 9.

Daga waɗannan alƙaluma za a iya fitar da lissafi mai sauƙi. Lita ɗaya ta ruwa, idan aka raba ta zuwa ɗige-ɗige masu milimita 1, za ta ba da kusan miliyan 2. Idan masu milimita 4 ne, kimanin 30,000. Ƙarfin bugu yana bin nauyin abu da kuma saurinsa a ninke cikin kansa. Saboda haka lita ɗaya ta manyan ɗige-ɗigen tana dukan ƙasa da ƙarfin da ya kusa ninki 5 na lita ɗaya ta ƙananan. Idan kuma aka gwada ɗigo da ɗigo, babban ya fi ƙaramin nauyi sau 64, ya fi shi ƙarfin bugu kimanin sau 300. Wannan shi ne bambancin da manomin Kadawa ya gani a gonarsa, wanda ma'aunin milimita bai rubuta ba.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Awon

Dabarun farko ba su buƙaci lantarki ba. A 1892 E. J. Lowe na Ingila ya riƙa tarar ɗigo a kan allon dutse mai layuka yana auna tabon da ya bari. A 1895 Wiesner ya yi amfani da takarda mai shan ruwa. A 1904 wani manomi daga jihar Vermont ta Amurka, Wilson Bentley, ya fito da dabarar da kowace mai tankaɗe za ta gane: ya zuba garin fulawa a faranti, ya miƙa shi cikin ruwa na 'yan daƙiƙu, kowane ɗigo ya dunƙule ya zama curi, sannan ya busar ya auna. Shi ne kuma mutumin da ya ɗauki hoton ƙwayar dusar ƙanƙara ta madubin ƙara girma a 1885. Laws da Parsons (1943) sun inganta dabarar fulawa ta hanyar rarrabe curukan da rariyoyi masu ido daban-daban. Marshall da Palmer (1948) kuma suka fitar da ƙa'idar lissafi daga awon da aka yi a Kanada, wadda ta nuna cewa ƙananan ɗige-ɗige su ne mafiya yawa, adadin kuma yana raguwa da sauri yayin da girma ke ƙaruwa.

Matsalar waɗannan dabaru ita ce mutum zai tsaya cikin ruwa, kuma awon daƙiƙu kaɗan yakan ci kwanakin lissafi. A 1967 Joss da Waldvogel na Suwizalan suka ƙera na'urar da ke mayar da bugun kowane ɗigo alamar lantarki. Ire-iren waɗannan na'urori su ake kira disdirometa, wato ma'aunin ɗigo.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan bincike. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, Kowal da Kijewski da Kassam (1973) sun ƙera wata na'ura mai sauƙi ta auna ƙarfin bugun ruwa. Kowal da Kassam (1976) suka buga sakamakon awonsu, inda ya bayyana cewa ruwan Samaru ya fi na ƙasashe masu sanyi ƙarfin bugu. An kuma yi awo da na'urar Joss da Waldvogel a Yamai da Dakar da Abijan. Cibiyar nan ta Samaru ita ce mai tashar binciken noman rani da ke Kadawa.

4.0 Yadda Ma'aunin Leza ke Aiki

Leza haske ne mai launi ɗaya wanda ke tafiya a miƙe ba ya bajewa sosai. An fara samar da shi a 1960. Mafi shahara daga cikin ma'aunan ɗigo masu aiki da shi ita ce Parsivel, wadda Löffler-Mang da Joss suka bayyana a shekarar 2000, kamfanin OTT na Jamus kuma yake ƙera ta. Tana da kawuna biyu da ke fuskantar juna a kan sanda. Ɗaya na fitar da haske, ɗaya na karɓa. Hasken a kwance yake kamar shimfiɗar tabarma: tsawonsa milimita 180, faɗinsa 30, kaurinsa 1.

A tuna da hasken hantsi da ke shigowa ɗaki ta tsagar ƙyaure. Wanda ke ciki, ko bai ga waje ba, yakan gane wucewar mutum ta yadda hasken ya dusashe. Yakan bambance yaro da babba, da mai gudu da mai tafiya a hankali. Haka kan da ke karɓar haske yake yi. Idan babu abin da ya gitta, lantarkin da yake fitarwa a daidaite yake. Da zarar ɗigo ya ratsa, sai ya tare wani ɓangare na hasken, lantarkin ya ragu. Yawan raguwar shi ke nuna faɗin ɗigon. Tsawon lokacin da raguwar ta ɗauka shi ke nuna saurinsa, domin mai sauri ba ya daɗewa a cikin hasken.

Na'urar tana jera kowane ɗigo a ɗaya daga cikin rukunoni 32 na girma da 32 na sauri, wato gurabe 1,024, tana kuma fitar da jadawalin a duk lokacin da aka tsara mata, galibi kowane minti ɗaya. Daga wannan jadawali ake lissafa yawan ruwa a sa'a, da ƙarfin bugunsa, da yadda na'urar rada za ta gan shi. Akwai wasu nau'o'in, kamar na kamfanin Thies, da kuma wadda aka ƙera a birnin Graz na Ostiriya mai ɗaukar inuwar ɗigo daga fuska biyu don a ga siffarsa.

4.1 Dusar Ƙanƙara da Ƙanƙara

Fifikon leza a kan na'urar bugu shi ne tana auna girma da sauri kowanne daban, kuma da haka take gane abin da ke faɗowa. Ɗigon ruwa yana bin alƙaluman Gunn da Kinzer. Dusar ƙanƙara kuwa, ko da faɗinta ya kai santimita guda, saurinta bai cika wuce mita 1 zuwa 2 a daƙiƙa ba, saboda sakwaf take, iska ta fi yawa a cikinta. Ƙanƙara irin wadda ke kaɗe amfanin gona takan haɗa girma da sauri. Awon dusar ƙanƙara ya fi wuya, domin ba ta da siffa ɗaya, tana kuma juyawa yayin da take sauka, don haka faɗin da haske ya gani ba ya nuna yawan ruwan da ke cikinta.

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Garun Malam, amma tana samuwa a samanta. A yankunan zafi, daga kimanin kilomita 5 zuwa sama iska ta kai sanyin daskarar da ruwa, kuma manyan gizagizan hadari kan zarce kilomita 12. Hadarin da ke tasowa daga gabas da damina yakan zo kashi biyu. Gabansa shi ne mai iska da tsawa da ruwa mai ƙarfi, inda dunƙulallun ƙwayoyin ƙanƙara ke narkewa su zama manyan ɗige-ɗige. Bayansa kuma sai sassauƙan ruwa mai daɗewa, wanda asalinsa dusar ƙanƙara ce da ta manne wa juna tana sauka a hankali, ta narke a hanya. Ke nan mai son fahimtar ruwan ƙasar Kano yana da buƙatar abin da aka gano game da dusar ƙanƙara a ƙasashen sanyi.

4.2 Inda Na'urar ke Kuskure

Idan ɗigo biyu suka ratsa haske a lokaci guda, na'urar na iya ɗaukarsu ɗaya babba. Wanda ya gogi gefen hasken yakan fito ƙarami. Iska mai ƙarfi tana karkatar da ɗigo, ta ɓata awon sauri. Fantsamar ruwa daga jikin na'urar, da ƙwari, da saƙar gizo-gizo duk sukan shiga lissafi. Ɗige-ɗige 'yan mitsi-mitsi kuma sukan kuɓuce mata. A yankinmu akwai ƙarin ƙurar hunturu da wadda ke gaban hadari, masu dusashe gilashin na'urar. Saboda haka masana kan zubar da duk awon da saurinsa ya yi nisa da abin da ya dace da girmansa, kuma sukan kafa ma'aunin ruwa na al'ada a gefe don gwada jimillar biyun.

5.0 Amfanin Awon ga Yankin Garun Malam

5.1 Ƙasa da Magudanai

Tun a shekarun 1940 W. D. Ellison ya nuna cewa zaizayar ƙasa tana farawa ne daga bugun ɗigo, kafin ruwa ya fara gudu. Ɗigo yana fasa curin ƙasa, ƙananan ɓarɓashi su toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya shige. Idan rana ta buga, sai wurin ya yi ɓawo mai tauri wanda kan hana tsiro fitowa, ruwan gaba kuma ya bi ta kansa ya wuce. Casenave da Valentin (1989) sun rarrabe ire-iren wannan ɓawo a yankin Sahel. Ƙasa mai yashi wadda ruɓaɓɓen ganye ya yi ƙaranci a cikinta ta fi saurin kamuwa, kuma hatsarin ya fi yawa a farkon damina, lokacin da gona take tsirara bayan an kwashe amfanin rani an yi huɗa.

Ƙa'idar da injiniyoyi suka fi amfani da ita wajen ƙiyasta ƙarfin bugun ruwa ta Wischmeier da Smith ce (1958), wadda aka gina a kan awon ɗigo na birnin Washington. Aikin Samaru ya riga ya nuna cewa aron irin wannan ƙa'ida na buƙatar taka-tsantsan. Awon minti-minti na damina da yawa a tasha irin ta Kadawa zai nuna makonnin da bugu ya fi tsanani, da adadin hadarurrukan da ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin shekara. A kan irin wannan sani ne za a dogara wajen ba da shawarar barin karmami da ɓuntu a saman gona, da lokacin huɗa, da shuka ciyawa a gaɓar magudanai, da tsara lokacin yasa.

5.2 Rada da Tauraron Ɗan'adam

Ma'aunin ruwa yana auna wuri ɗaya tak, alhali ruwan da ke shiga Tiga daga faɗin ƙasa mai yawa yake tattaruwa, kuma ruwanmu kan sauka a wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi. Rada da tauraron ɗan'adam su ne ke iya ganin yankin gaba ɗaya. Sai dai rada ba ruwa take aunawa kai tsaye ba. Amsa-kuwwar da ɗige-ɗige suka mayar mata take ji. Idan faɗin ɗigo ya ninka sau 2, ruwan cikinsa yana ninkawa sau 8, amsa-kuwwarsa kuwa sau 64. Ma'ana, 'yan manyan ɗige-ɗige na iya sa rada ta zaci ruwa mai yawa, tarin ƙanana kuma su sa ta raina shi. Ba za a iya mayar da amsa-kuwwa milimita daidai ba sai an san yadda girman ɗigo ya rarrabu a ruwan wannan yanki.

Wannan ne ya sa a babban binciken daminar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, wanda ya kai ƙololuwarsa a 2006, aka kafa ma'aunan ɗigo masu aiki da haske a kewayen Djougou ta Jamhuriyar Benin, garin da fataken goro suka sani a hanyar Gwanja. Moumouni da Gosset da Houngninou (2008) sun nuna daga wannan awo cewa gaban hadari da bayansa sun sha bamban a rabe-raben ɗigo, kowanne da ƙa'idar da ta dace da shi. Haka nan tauraron GPM, wanda Amurka da Japan suka harba a Fabrairun 2014, yana ɗauke da rada mai zango biyu don ƙiyasta girman ɗigo daga sama, kuma da ma'aunan ƙasa ake tantance sahihancin ƙiyasinsa.

6.0 Abin da ya Shafi Manazarcin Hausa

Hausa tana da kalmomin da suka rarrabe ruwan sama tun kafin zuwan na'ura: yayyafi, tsattsafi, feshi, mamako, marka, da aikatau irin su tsugewa da kecewa da ɗaukewa. Wasu sun dubi yawan ruwan, wasu daɗewarsa, wasu lokacinsa, wasu kuma hannun iska a cikinsa. Rabon masana yanayi bai zo daidai da wannan ba. Hukumar Yanayi ta Duniya ta ware suna na musamman ga ruwan da faɗin ɗigonsa bai kai rabin milimita ba, masu fassara kuma sukan mayar da shi yayyafi. Amma sassauƙan ruwan da ke biyo bayan hadari, wanda kowane Bakano zai kira yayyafi, ɗigonsa kan fi rabin milimita nesa ba kusa ba. Adadinsa ne kaɗan. Ke nan yayyafin Bahaushe ya fi na littafin yanayi faɗin ma'ana, kuma mai fassara hasashen yanayi a rediyo yana buƙatar sanin haka. Kalmar ƙanƙara ita ma ta ɗauki nauyi da yawa: ta sama, da ta firji, sannan aka haɗa ta da dusa don a sami sunan abin da ba a gani a nan.

Akwai aikin da za a iya yi a haɗe. Idan aka kafa ma'aunin ɗigo a wuri ɗaya, mai nazarin harshe kuma ya riƙa rubuta sunan da manoman wurin suka ba kowane ruwa, bayan 'yan damuna za a san iyakar kowace kalma da alƙaluma. Ƙamus zai amfana, malamin gona ma haka. Wannan muƙala ta gwada wasu kalmomi: ma'aunin ɗigo, shimfiɗar haske, rabe-raben girman ɗigo, saurin faɗowa, da ƙarfin bugu. An gabatar da su ne domin masana su tace, su gyara ko su musanya.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ruwa biyu masu milimita ɗaya na iya bambanta da kusan ninki 5 a ƙarfin da suke dukan ƙasa da shi, kuma ma'aunin leza yana gano wannan ta hanyar auna inuwar kowane ɗigo da tsawon lokacinta. An kuma ga cewa an fara irin wannan bincike a Samaru tun 1973, kuma sakamakonsa ya shafi ɓawon ƙasa, da cikewar magudanai, da ƙiyasin ruwan da ke shiga Tiga. Muƙalar tana ba da shawarar a yi awon ɗigo na shekaru a jere a tashar Kadawa, tare da ma'aunin ruwa na al'ada a gefensa, a kuma sanya manazarta Hausa cikin aikin tun daga farko, domin sakamakon ya isa ga manoman Garun Malam da Kura da Bunkure cikin kalmomin da suke kiran ruwa da su.